'Yar Gazuwal

Da asuba sai ta yi tari sau uku,
kamar tsohon da ya kwana da taba a kunci,
kafin ta yarda mu bar Garin Malam.
Ba na gaggauta ta. Na san halinta.

Ta Kwatano ta shigo, ta riga ta tsufa,
rana ta lashe rabin fentinta.
Lawali bakanike ya kasa kunne, ya ce,
"Mushe, wannan ba ta shan mai,
sunsuna shi take."

Jikka biyar ran Litinin,
allura ba ta sunkuyawa sai Juma'a.

Cima ungozoma a gaba, tana gyangyaɗi,
jarka huɗu a baya babu komai ciki,
don famfon gidanmu ya yi kwana shida bai ce uffan ba.
Duwatsu sun tsuguna a bakin kwalta
suna kallonmu har Mirya.

Manyan motocin furoje kan wuce mu da iska.
Ku je.
Na kan gan su a gidan mai, baki buɗe,
in ɗaga hannu.

Ba ta da sanyi sai na taga.
Ƙofar hagu sai an yi mata kafaɗa.
Amma abin da ta ƙi sha bara
shi ya sai wa Zuwaira littattafai.

Da dare injinta na ƙas, ƙas, yana hucewa,
kyanwa ta hau kanta ta kwanta.
Na sauke ruwa.
Rigata na warin gazuwal da alli.