Akuyar da Ke Tsinke Igiya

A haihuwar fari ban san sunan abin ba.
An yi guɗa, an yanka rago,
ni kuwa ina bayan ƙyaure
kamar tukunyar da aka kwashe tuwonta
aka bar ta da ƙanzo.
Yaro na kuka, ina kallon bango.
Goggo ta ce iska ce,
maƙwabciya ta ce ƙyuya,
ni na ce wa kaina: ke ba uwa ba ce.

Wannan karon, ciki wata biyar,
ranar Laraba, layin awo a Dadin Kowa,
Sista Rahila ta auna jinina, ta rubuta,
sai ta ajiye biro.
"Jebbu, dare fa? Kina samun barci?"
Na ce alhamdu lillahi.
Ta yi shiru. Shirun ya fi tambayar nauyi,
sai ga hawaye ba sallama.

Mu bakwai ne a tabarma
ƙarƙashin mangwaron bayan ɗakin magani,
kowace da tulunta a gaba.
Ta ce, "Ku ɗora hannu a cibiya.
Iska ta shigo, ku tarbe ta.
Za ta fita, ku raka ta ƙofa."
Wata ta tuntsire da dariya:
"Yau kuma numfashi za a koya mana?"

Na rufe ido. Ban kai uku ba
hankalina ya tsallake danga:
kuɗin taki, bashin injin ban-ruwa,
tumatirin Gidado da ya ruɓe a kwando
kafin motar Gombe ta iso,
da wancan ɗakin, da wancan bangon.
"Akuyar ta tsinke ko?" in ji Sista.
"Kada ki dake ta.
Kama igiya a hankali, ki mai da ita turke.
In ta tsinke sau ɗari, sau ɗari ke nan."

Ta ce tunani ba alƙali ba ne.
Ki tsaya a gaɓa
kamar mai kallon Gongola an buɗe dam:
ga kara, ga kumfa, ga warin takalmin wani,
kowa na kan hanyarsa.
Ganinsu bai wajabta miki faɗawa ruwa ba.

Na gwada bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi.
Na gwada ina tsintar shinkafa,
tsakuwa ɗaya, numfashi ɗaya.
Wata rana a dace,
wata rana akuya har kasuwa.

Yau kwana goma sha tara da sauka.
Ruwan jego na tafasa a tsakar gida,
ɗacin darbejiya ya cika hanci.
Jiya da tsakar dare baƙon ya dawo,
ya zauna min a ƙirji da tsohuwar maganarsa:
ke ba uwa ba ce.
Na ce, na gane muryarka.
Ban yi kokawa da shi ba,
ban kuma shimfiɗa masa tabarma ba.
Na ji ɗumin Iklima a damtsena,
tsamin nono a wuyanta,
cikinta na hawa da sauka, sauri-sauri kamar na tsako.
Na jera nawa bayan nata.
Ɗaya. Biyu.
Ta tsinke.
Ɗaya.

Da gari ya waye na faɗa wa Gidado
abin da na ɓoye shekara uku.
Ya daɗe yana kallon laka a ƙafarsa.
Na ce Sista ta ce in kayan ya yi nauyi
kada in ɗauka ni kaɗai,
akwai likita a Gombe.
Ya ce, "Laraba ni zan kai ki."
Ya karɓi yarinya, bai iya riƙo ba,
na gyara masa hannu ƙarƙashin ƙeyarta.
Ya ce, "Sha kununki kafin ya huce."

Na ɗaga kwanon da hannu biyu.
Akwai kanwa, akwai citta,
har da ɗan ƙauri daga gindin tukunya.
Duk na ji su.