Tagar Bakwai

A Panteka nake, layin masu walda,
inda janareto ke tari tun kafin hantsi.
Gadon da Baba ya bar min bai cika aljihu ba:
kamfas na tagulla, ƙafa ɗaya ta ɗan karkace,
da rular ƙarfe da lambobinta suka goge.
Ya ce, biyun nan sun ishe ka.

Shekara ashirin kuwa sun ishe ni.
In kafa tsini, in juya, da'ira ta rufe bakinta.
Ban taɓa buɗin kamfas ba,
in bi gefe ina takawa, taku shida,
na shidan ya faɗa a sawun farko
kamar akuya ta dawo turkenta.
In raba kowanne biyu, sha biyu ke nan.
Biyar ma ina fitarwa, sai dai da gumi.

Sai ga Hajiya Tabawa daga Unguwar Rimi,
tana son taga zagayayya a saman ƙofa,
sanda bakwai daga cibiya, tazara ɗaya.
'Ya'yanta bakwai ne.
Ba ta so gobe wani ya ɗaga kai
ya ce rabonsa ya fi ƙunci.

Na ce Laraba ki aiko.

Laraba ta zo, ta wuce.
Alli ya ƙare, na koma gawayi.
Baka ta hau baka, layi ya keta layi,
farantin ya zama kamar gidan gizo-gizo,
amma duk zagayen da na yi
sai taku na bakwai ya tsallake gida
ko ya tsaya a bakin ƙofa.
Na zargi ido. Na zargi ƙafar da ta karkace.
Har Baba na zarga a zuci, Allah Ya gafarta min.

Kulu, 'yar ƙanwata mai karatun lissafi a jami'a,
ta kawo min fura da yamma, ta tsuguna, ta duba.
Ta ce, Kawu, ajiye.
Ba hannunka ba ne.
Bakwai ba ta cikin abin da biyun nan ke haifa,
haka tara. An tabbatar tun kafin a haifi Kaka.
Ba kowace kusurwa suke raba uku ba,
ba sa ba ka murabba'i mai faɗin da'ira.
Amma sha bakwai, in kana da haƙuri, tana fita.

Na yi dariya har fura ta shaƙe ni.
Sha bakwai ta yarda, bakwai ta ƙi!
Ashe ƙofar da nake ta bugu
katanga ce tun asali.

Daren nan na yi barci.

Da safe na ɗauko zare,
na gwada, na rage, na sake gwadawa,
har kuskuren ya fi silin gashi siranta.
Na ɗora wuta, na haɗa sanda bakwai.

Tagar tana can, ana ganinta daga titi.
Hajiya ta ƙirga, ta auna da yatsa, ta biya.
Ɗaki ɗaya ya fi 'yan'uwansa da abin da ido ba ya kamawa.
Ni kaɗai na san wanne.

Kamfas na goge shi da mai, na mayar aljihu.
Bai yi min ƙarya ba.
Inda ƙafarsa ta kai, nan ya tsaya.