Furen Bakin Zaure

A Gambarawa, saman ƙofar zaurenmu,
akwai wani fure na laka da makuba,
ba ya ƙamshi, ba ya jiran damina.
Baba Maiwada magini ya ɗora cibiyarsa
shekarar da Inna ta tare a gidan.

Ina yaro na sha cigiyar irinsa.
Na duba kabewa a kan danga, ba shi ba ne.
Na kutsa kududdufi har gwiwa, bayan Ƙofar Guga,
na tsinko bado, na kara shi da bango,
kafin la'asar ya yi yaushi, bai ko yi kama ba.
Furen auduga, furen rama,
jan gurjiya mai faɗowa tim a kan turɓaya,
babu wanda ya amsa sunansa.

Na ce, "Baba, furen wace bishiya ne wannan?"
Yana cuɗa ƙasa da ƙafa, bai ɗago ba.
Ya ce, "Na Allah yana daji, Mai shi na ba shi ruwa.
Ni wa, da zan ja da Shi?
Nawa lissafi ne. Je ka ƙirga."

Kunne tara, kewaye da cibiya guda.
Shida sun taso, sun yi tozo, rana na zama a kansu.
Uku a lotse, kowanne da shaidar babban yatsa,
nan inuwa ke kwana ko da tsakar rana.
Mu shida muke sa hannu a akushi.
Ban sake tambaya ba.

Sai reshen nan da ya nannaɗe ƙofa,
ba kai, ba gindi, yana ta bin kansa.
Na ce ko zumunci ne, ko kuwa lahira?
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Wuri ne ya rage, na cike.
Ba kowane zane ke da magana ba, Tanimu."

Yanzu fure ya cika gari.
Yana jikin atamfa a babbar kasuwa,
yana kan ledar ɗaki, da murfin samira,
da tayil ɗin da ƙanena Jatau ke son mannawa
in ya shafe fuskar gidan da siminti.
Kunnuwansu duk daidai wa daida,
inji ya buga su, dubu a yini.
Gidan da suka fito ba a taɓa zaman makoki ba.

Ranar bakwai ɗin yayata Tabawa,
da masu gaisuwa suka naɗe tabarmi,
na ari tsani wurin maƙwabci,
na hau da buta a hannu.
Na jiƙa kunne na biyu daga dama.
Laka ta shekara hamsin, taurin kai gare ta,
sai da na jira ta sha, ta sha, ta yarda.
Na danna.

Yatsana bai kai na Baba faɗi ba,
ramin ya ɗan karkace.

Kusa da shi nawa yana nan, ya yi tozo,
tsattsewa ta yi masa kashi a gefe.
Na goge da bakin riga,
na sauko a hankali,
Jatau na riƙe min tsani, bai ce uffan ba.