Masu Gadi Biyu a Wuse

A ɗakin jiran likitar haƙori
akwai teku guda cikin gilashi.
Ni nake auna mata gishiri,
ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Jabi ba.

Manyan kifayen, masu launin atamfa, yawo kawai suka sani.
Nawa yana ƙasa, bai kai ɗan yatsana ba.
Gobi, in ji Dakta Rifkatu.
Fikafikan cikinsa sun haɗe kamar ƙoƙo,
da su yake manne wa murjani in ruwa ya ja.
Idanu a bisa kai, irin na kwaɗo.

Rami ɗaya suke da jatan lande
wanda ganinsa bai wuce hancinsa ba.
Shi ke haƙa, yini guda yana turo yashi waje,
gashin bakinsa ɗaya a jikin gobi.
Inuwa ta gifta, wutsiya ta kaɗa,
su biyun wuf, sai ciki.
Ba wanda ke biyan wani.

Daren Laraba aka ɗauke wuta,
janareta ya ƙi tashi, kumfa ta tsaya.
Na ɗauki kofin shayina, in ɗebi ruwan, in mayar daga sama,
in ɗeba, in mayar,
har aka kira assalatu ta wajen Banex.
Na haska tocila.
Yana nan a bakin rami, ido buɗe.

Na ce, sannu da aiki, abokin gadi.
Albashina wata biyu ke nan yana hanya.
Kai fa?