Tiyar Tsahiru

Daren Bonane ban rufe tebur ba.
Tukunyar shayi ta kwana kan wuta,
yara na harba tartsatsi sama,
ƴan kabu-kabu na gasar ƙaho har Bagalam.

A rediyon da na rataya a ƙusa
mutum uku na musu tun bayan isha.
Ɗaya ya ce a kawo na'ura, direba ya busa,
in giya ta wuce kaza a jini, a karɓe makulli.
Ɗaya ya ce kazan nan ta yi yawa, a raba ta biyu.
Na uku ya yi gyaran murya:
"Abin da aka haramta, wa ya ba ku mudun awonsa?"
Mijinyawa na kaɗa madara a kofi, ya ce,
"Ni dai na san direban da sai ya sha biyu
hannunsa ke daina rawa."
Aka yi dariya. Ni ma na yi.
Allah Ya yafe mini, ni ma na yi.

Sha ɗaya ta gota Tsahiru ya tsaya,
amalanke ɗauke da buhu bakwai na aya,
yana so ya riga kowa wuri a kasuwa.
Shayi ba madara, rabin burodi.
Ya ce in rubuta, sai ya dawo.
Jakinsa ya kama gefen kwalta
kamar yadda ya saba shekara da shekaru,
ba ya shiga hanyar kowa.

Ban ga motar ba. Jin ta na yi.
Birki ko tari bai yi ba.

Aya ta watse har ƙarƙashin bencina.
Muna gudu muna takawa,
tana ƙas-ƙas a tafin takalmi.
Tiyarsa, wadda bai taɓa miƙa wa kowa ba
sai ya cika ta har tozo ya ƙara gyara,
tana ta juyi a tsakiyar titi,
ba ta ji an tashi kasuwa ba.

Direban yaro ne, na san gidansu a Zariya.
Sabuwar shadda, ko karin guga bai sake ba,
turare ya kasa rufe abin da ke bakinsa.
Yana nuna wa jandarma yatsu,
"Biyu ne kawai, wallahi biyu,"
kamar mai neman a yi masa ragi.
Sai ya ga takalmin Tsahiru ƙafa ɗaya,
ya zauna a ƙasa, yatsun nan har yanzu a miƙe.

Jakin ya kai asuba. Tsahiru bai kai ba.

Kwana uku, ga Cima da lulluɓin takaba,
ɗiyarta riƙe da gefen zane.
Ta kwance bakin gyale, dala talatin.
Na ce na yafe. Ta ce a'a,
ba za a tsayar da shi kan kuɗin shayi ba.
Na karɓa. Hannuna ya fi na direban Mijinyawa rawa.

Rediyo bai gama ba, sun koma jiya.
An ƙaro likita, an ƙaro mai sufuri,
ana ta sifili da ɗigo kaza,
wannan ya ce ƙasa kaza haka take yi.
Ni ban iya lissafin jini ba.
Na san sukari cokali nawa kowa ke so,
na san wanda ke cewa in rubuta.

Mijinyawa ya koma shan shayi wani wuri.
Tiyar tana nan ƙarƙashin tebur, gefe ya lotsa,
Cima ta ce ba ta iya ganinta.
Da safe in na yi shara
har yau ina tsintar aya a tsagar benci.
Ba na ci, ba na zubarwa.
A ciki nake sawa.
Ko gindinta ba ta rufe ba tukuna.