Man Fihta

Kakana Mergen ba ya saran reshe da rana tsaka.
Sai da asuba, ƙanƙara na kuka ƙarƙashin takalmi,
gatari a ƙugu, doki na huci a bayansa,
ya tsaya gaban fihta kamar mai neman aro.
Ganyenta allurai ne, kore shar ko a tsakiyar sanyi.
Yakan ɗebi na ƙasa-ƙasa, ya bar mata kanta.

A bakin kogin Biya tukunyarsa take,
gangar ƙarfe da tsatsa ta ci wa gindi.
Ya danna ganye da ƙafa, ya rufe, ya liƙe da yumɓu,
ya hura wuta.
Tururi ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi,
ya fito ɗis, ɗis, wuni guda.
Ruwa ya kwanta, mai ya hau bisansa,
siriri, kamar hawayen wanda ba ya so a gani.
Buhu uku na ganye, kwalba ɗaya da ƙyar.

Da shi ya murza min ƙirji daren da tari ya hana ni barci.
Da shi ya wanke saran da ya yi wa gwiwarsa.
Bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba.

Ni ce na tambaya.
Ga ni a Tomsk cikin farar riga,
na ɗura ɗigo guda a bakin na'ura,
ta warware shi kamar mai tsefe kitso,
ta zana min duwatsu a takarda.
Mafi tsawo bonil asitet,
ashe shi ne ƙamshin rigar Kaka.
Kamfin na biye, sai finin, sai karin,
limonin can gefe, ɗan tudu.
Sauran ƙanana ne, sun fi talatin,
biyu ma na'ura ba ta san sunansu ba.

Na yafa ƙwayoyin cuta a farantan gilashi
kamar mai yafa sha'ir,
na jiƙa 'yar takarda da mai, na ajiye a tsakiya,
na bar su su kwana cikin ɗumin jikin mutum.

Da safe, farantin farko:
masu kawo maruru, masu taruwa kamar curin inabi,
sun cika ko'ina
sai kewayen takarda, fili fayau, kamar an share.
Na ɗora ma'auni, milimita goma sha bakwai.
Fatarsu da kitse aka yi ta,
mai kuwa ya san ƙofar gidan mai;
ya kutsa, ya huda, abin cikinsu ya tsiyaye.

Faranti na biyu ban so shi ba.
Waɗannan masu riga biyu ne,
sun yi tsanwa, sun yaɗu har bakin takarda,
suna kwance a jikinta kamar 'yan gida.
Na sake sau uku. Haka dai.

Da dare na buga masa waya.
Na ce, Kaka, manka na kashe wasu,
wasu ko gezau.
Ya yi shiru, ina jin itace na fashewa a murhunsa.

Ya ce, Ceinesh, wa ya ce miki dominmu ta yi shi?
Tana da nata maƙiyan:
ƙwaro mai huda ɓawo, ruɓa mai bin rauni.
Ba ta da ƙafar gudu, shi ya sa take ɗaci.
Mu ragowa muke samu.

Sai ya ce, wannan na kaka ne na ba ki.
Na tsakiyar sanyi ya fi shi kaifi.

Na buɗe littafina, na ja sabon layi,
na rubuta: Janairu.
Yatsuna har yanzu ƙamshin daji suke.