Asabar a Bayan Tsibirin Solta

Tun kafin ƙararrawar cocin Maslinica ta buga biyar
Baba Frane ya riga ya sauka bakin ruwa,
da bokiti, da ragowar burodin jiya,
da kofi a gora mai lotsattsen murfi.
Ni ina biye da shi ina hamma,
warin asibiti bai gama barin gashina ba.

Kwale-kwalenmu taku goma sha biyu ne,
shuɗin fentinsa ya ɓaɓɓare a haƙarƙari,
sunan mahaifiyata a goshinsa: Luce.
Sau uku ya fizgi igiyar inji, inji ya yi tari ya ƙi,
a na huɗu ya haƙura.

Shekara talatin da ɗaya yana yankar tikitin jirgin fito,
yana hango teku ta taga mai faɗin littafi.
Yau ga shi a bayanta,
ba mai neman canji, ba mai tambayar ƙarfe nawa.

Can bayan ƙananan tsibirai
ya daidaita hasumiyar coci da wani zaitun na kan tudu,
ya ce, "Nan." Na saki anga.
Shiru ya sauko ya zauna tsakaninmu
kamar na uku a jirgi.

Tun bara hannunsa ke rawa.
Zare ya ƙi ƙugiya, ƙugiya ta ƙi zare.
Na karɓa ban dubi fuskarsa ba,
na ƙulla yadda ya koya mini ina 'yar shekara tara:
zagaye bakwai, a jiƙa da yawu, a ja.
Ya soka jatan lande da kansa.
Wannan kam bai bar mini ba.

Rana ta fito ta ɗaga.
Gishiri ya bushe fari a gwiwoyina.
Wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya wuce da kiɗa,
igiyar ruwansa ta girgiza mu, kofi ya zube,
Baba ya raka su da zagi har suka ɓace.

Sai zare ya miƙe.

Abin da na gani ke nan, ba wanda ya ba ni labari:
yatsun nan da ba sa iya ɗaura maɓalli
suka tsaya cak, kamar an dasa su.
Yana ja, yana saki, yana ja,
yana magana ƙasa-ƙasa da abin da ke ƙarƙashi.
Azurfa ta juya a cikin shuɗi,
orada ce, da zinariyarta tsakanin idanu.

A gefen kwale-kwale akwai tsaga biyu
da Luce ta yi da wuƙar girki,
ta ce duk wanda bai kai nan ba, ɗan wani ne, a mayar.
Ya shimfiɗa kifin a kai.
Saura faɗin yatsa ɗaya.

Na ce, "Baba, wa zai gani?"
Ya ce, "Dunja, a kan sunanta muke zaune."
Ya zare ƙugiya a hankali,
ya riƙe kifin cikin ruwa har ya tuna kansa,
wutsiya ta buga sau ɗaya, shi ke nan.

Da azahar iskar yamma ta taso,
ruwa ya fara yamutsa fuska, muka ɗaga anga.
Bokiti na gangarawa tsakanin ƙafafunmu,
ba komai cikinsa sai ɓawon jatan lande.

A tasha maƙwabcinmu Jerko ya leƙo,
ya ce, "Ina rabona?"
Baba ya buɗe hannuwa biyu ya nuna tsawonta,
ya ƙara mata kusan kamu guda.
Na ɗaure igiya, ban ce uffan ba.
Hannuwan sun koma rawarsu,
suna ƙamshin teku.